Yadda ɗalibi zai ci darasin istatistik na shekarar farko tun a zama na farko

Duk lokacin da aka liƙa sakamakon jarrabawar zango, akwai darasi ɗaya da ƙannena ɗalibai na nan unguwar Zariya a Maradi suke zuwa mini da kukansa fiye da sauran, shi ne darasin ƙididdiga, wanda kowa a bakin amfi, wato babban ɗakin lacca, yake kira istatistik. Mai karatun noma yana haɗuwa da shi, mai karatun likita yana haɗuwa da shi, haka mai karatun harkokin kasuwanci, domin da wuya a sami sashe a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ko a wata jami'ar ƙasar nan da ba ya buƙatar ɗalibinsa ya iya karanta lambobi. Ni kaina na faɗi wannan darasi a shekarata ta farko a jami'ar da na yi karatu, na sami 7 bisa 20, kuma laifin nawa ne, domin na ɗauka haddar dabarun lissafi a makon ƙarshe za ta wadatar da ni kamar yadda ta wadatar da ni a wasu darussan kafin bak. Abin da na fahimta daga baya, kuma nake maimaita wa duk wanda ya zo wurina, shi ne cewa lissafin da ke cikin darasin bai wuce tarawa da ninkawa da rabawa ba, wahalar tana wajen gane abin da aka tambaya da kuma bayyana ma'anar amsar, kuma a waɗannan wurare biyu ne maki yake zubewa.

Aikin farko da ya kamata ɗalibi ya yi, tun a makon da aka fara karatu, shi ne ya san yadda za a auna shi. A tsarin da jami'o'inmu suke bi, lisans shekara uku ce, zango shida, kowane zango yana da kiredi 30, wato ma'aunin nauyin darussa, kuma ana ba da maki bisa 20, inda 10 take zama iyakar tsira. Makin darasi yakan haɗu ne daga gwajin tsakiyar zango da jarrabawar ƙarshe, kowanne da nauyinsa, kuma wannan nauyi ne ɗalibi zai tambayi malami ko ofishin sashensa ya rubuta a shafin farko na kayensa, tare da dokar da ta shafi yadda makin wani darasi yake ɗaga na wani a cikin rukuni ɗaya, da makin da idan aka faɗi ƙasa da shi babu ɗagawa. Jita-jitar ƴan shekara ta biyu ba ta isa hujja a wannan batu ba, domin doka takan canja daga sashe zuwa sashe.

A ɗauka malami ya ce gwajin tsakiya yana da kashi 40 cikin 100, jarrabawar ƙarshe kuma kashi 60. Ɗalibin da ya sami 13 a gwajin tsakiya ya riga ya ajiye 5,2, saboda haka 8 kawai yake nema a jarrabawar ƙarshe ya kai 10. Wanda ya sami 6 ya ajiye 2,4, sai ya nemi kusan 12,7. Wanda kuwa bai zo gwajin ba har aka rubuta masa sifili, sai ya ci kusan 16,7 kafin ya tsira, kuma duk wanda ya taɓa zama a ɗakin jarrabawa a cikin zafin Afrilu ya san irin nisan da ke tsakanin 8 da 16,7. Wannan ɗan lissafi shi ne matsakaici mai nauyi, yana cikin babin farko na darasin, kuma wanda ya yi shi a kan makinsa ba zai sake mantawa da shi ba. Ina ganin babban kuskuren da ɗalibai suke yi shi ne raina gwajin tsakiya, alhali a lokacin ne darasin yake da sauƙi, domin ba a riga an shiga lissafin yiwuwa ba, wato auna damar faruwar abu.

Bayan wannan sai zaman aiki na ƙananan rukuni, wanda ake kira tede. A amfi malami yana bayani ne ga taro mai yawa, wanda yake zaune a baya wani lokaci ko rubutun allo ba ya gani sosai, amma a tede ne ake warware tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, kuma tambayoyin jarrabawa sukan yi kama da waɗannan. Hanyar cin moriyar tede ita ce a karɓi takardar tambayoyin tun kafin ranar, a gwada kowace tambaya da hannu ko da ba a kai ƙarshenta ba, sannan a je a ga daidai inda aka kauce. Wanda ya je da farar takarda ya kwafi gyaran malami yana fita da jin cewa ya gane, amma abin da ya gane shi ne tunanin wani, kuma ranar jarrabawa ba zai same shi ba. Fotokofin kayen aboki ma haka yake, yana da amfani ga wanda rashin lafiya ya hana zuwa, amma ba ya maye gurbin aikin hannu.

Abin da ya fi taimaka mini, kuma nake so in daɗe a kansa, shi ne ɗauko misalai daga abin da muka sani. A ce an tambayi kuɗin tiyar hatsi a kasuwanni biyar, Maradi da Tsibiri da Madarunfa da Gidan Rumji da Tasawa, aka sami, a matsayin misali kawai, sefa 600 da 650 da 700 da 700 da 850. Jimla 3500 ce, idan aka raba da 5 matsakaici ya zama 700. Daga nan sai a tambayi yadda farashin ya warwatsu a gefen wannan matsakaici. Tazarar kowanne daga 700 ita ce 100 ƙasa, 50 ƙasa, sifili, sifili, da 150 sama. Idan aka tara su haka nan za su cinye juna su koma sifili, wannan ne dalilin da ya sa ake ninka kowace tazara da kanta, a sami 10000 da 2500 da 22500, jimla 35000. Idan aka raba da 5 an sami 7000, ita ce bariyans, saiwarta kuma, wato rasin ɗinta, lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da 7000, kusan 83,7, ita ce ekartip. Ma'anar wannan lamba a baki ita ce farashin kasuwannin nan yana nisantar matsakaici da abin da ya kai sefa tamanin da ƴan kai, kuma ɗalibin da zai iya faɗin haka da Hausa ya fi wanda ya haddace alamomin ba tare da sanin abin da suke nufi ba.

Mu mutanen Nijar muna da wata dama a nan da ba kowa yake lura da ita ba, domin tun muna yara muke juya kuɗi tsakanin sefa da dala. Mai sayar da hatsi ba zai ce 700 ba, zai ce dala 140. Idan aka sake yin lissafin da dala, wato 120 da 130 da 140 da 140 da 170, matsakaici zai zama 140, bariyans 280, ekartip kuma kusan 16,7. A duba da kyau: matsakaici ya ragu sau 5, ekartip ta ragu sau 5, amma bariyans ta ragu sau 25, domin an ninka tazarar da kanta. Wannan ita ce dokar canjin ma'auni da malamai suke son tambaya, wadda ɗalibai da yawa suke haddacewa da haruffa su rikice a kanta, alhali da ɗalibi zai zauna da farashin tiya minti goma da ya gano ta da kansa.

Haka kuma bambancin matsakaici da lambar tsakiya, wadda ake kira mediyan. A ce mutum goma ne a fada suna shan shayi, tara daga cikinsu kowanne yana samun jaka 30 a wata, na goman kuwa ɗan kasuwa ne mai shigo da kaya, yana samun jaka 1000. Matsakaicin samunsu jaka 127 ne, alhali babu ko mutum ɗaya a cikin taran da ya kusanci wannan kuɗi, amma idan aka jera su daga ƙarami zuwa babba, na tsakiya yana kan jaka 30. Idan aka tambayi ɗalibi wanne ma'auni ya fi dacewa da irin waɗannan alƙaluma, amsar ita ce mediyan, dalili kuwa shi ne lamba ɗaya da ta yi fice tana jan matsakaici zuwa wajenta amma ba ta motsa mediyan. Jimla ɗaya irin wannan takan ɗauki maki cikakke a takardar jarrabawa.

Na'urar lissafi tana buƙatar kulawa ta musamman. A sayi ta kimiyya tun farkon zango, ko a ari wadda za a riƙe har ƙarshe, domin ba a yarda da wayar hannu a ɗakin jarrabawa, kuma wanda ya ari na'ura da safiyar ranar zai ɓata lokaci yana neman maɓallai. A na'urorin Casio da suka fi yawa a hannun ɗalibai, sashen ƙididdiga yana ba da ekartip iri biyu, ɗaya an raba da adadin lambobin gaba ɗaya, ɗaya kuma an raba da adadin bayan an cire ɗaya. A misalin hatsinmu, ta farko 83,7 ce, ta biyu kuwa, da aka raba 35000 da 4, kusan 93,5 ce. Ta farko ana amfani da ita idan kasuwannin biyar ɗin su ne duk abin da ake magana a kai, ta biyu kuma idan an ɗebo su ne domin a yi hasashen farashin kasuwannin jihar baki ɗaya. A kuma tuna da goge lambobin tambayar da ta wuce kafin a shigar da sababbi, sannan a san cewa inda malami yake sa waƙafi a tsakiyar lamba, na'urori da yawa ɗigo suke nunawa.

Daga tsakiyar zango ne ɗalibai suke fara cewa darasin ya juya musu baya, wato lokacin da aka shiga lissafin yiwuwa. A nan matsalar harshe ce kafin ta zama ta lissafi, domin da Faransanci ake rubuta tambayar, kuma kalma ɗaya tana canja amsa gaba ɗaya. A ce manomi ya shuka ƙwayar wake 10, kowace tana da damar tsirowa 0,8. Damar dukkan goman su tsiro ita ce 0,8 a ninka da kanta sau goma, kusan 0,107. Damar tara daidai su tsiro kusan 0,268 ce. Idan takarda ta ce «au moins 9», wato aƙalla tara, sai a tara biyun a sami kusan 0,376, amma idan ta ce «plus de 9», wato fiye da tara, goma kaɗai ake nufi, amsar kuma 0,107. Shawarar da nake bayarwa ita ce ɗalibi ya ware shafi ɗaya a ƙarshen kayensa, ya rubuta waɗannan kalmomi da ma'anarsu da Hausa, irin su «au plus», wato bai wuce ba, da «sachant que», wato da sanin cewa, kuma kafin ya taɓa na'ura a kowace tambaya ya fara faɗa wa kansa da Hausa abin da ake nema. Babu abin kunya a cikin wannan, mutum ya fi saurin gane kuskure a harshen da yake tunani da shi.

Babin ƙarshe, na hasashe da gwajin zato, shi ne ainihin dalilin koyar da darasin, kuma da shi ake aiki a waje. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta ƙirga kowa da kowa, ta sami mutum fiye da miliyan 17 a Nijar, fiye da miliyan 3 daga cikinsu a jihar Maradi, amma irin wannan aiki ba a iya yin sa kowace shekara, saboda haka a tsakanin ƙidaya da ƙidaya hukumar ƙididdiga ta ƙasa gidaje kaɗan take zaɓa ta yi bincike a kansu. Masu binciken noma a tashar Tarna ma ba sa auna gonakin jihar duka kafin su ce wani irin hatsi ya fi wani, ƙananan filayen gwaji suke aunawa. Tambayar babin ita ce yaya za a amince da abin da aka gani a ɗan kaɗan.

A ce ɗan kasuwa ya sayi buhunan masara masu yawa da aka ce kowanne kilo 100 ne, ya ɗebo 100 ba tare da zaɓe ba ya auna, ya sami matsakaici kilo 98 da ekartip kilo 5. Ana raba 5 da saiwar 100, wato 10, a sami 0,5, sannan a ninka da 1,96, lambar da teburin dokar Gaus, dokar da ke nuna yadda lambobi suke taruwa a gefen matsakaici, yake bayarwa idan ana son amincewa ta kashi 95 cikin 100, a sami 0,98. Saboda haka matsakaicin nauyin buhunan duka ana sa ran yana tsakanin 97,02 da 98,98, kuma tun da 100 ba ta cikin wannan tazara, ɗan kasuwar yana da hujjar cewa buhunan ba su cika ba. Da buhu 10 kawai ya auna, da sai ya koma teburin Student, inda lambar take zama 2,262, tazarar ta ƙara faɗi domin shaidar ta yi ƙaranci. Sunan wannan teburi, da yake nufin ɗalibi da Ingilishi, yana ruɗar wasu su ɗauka don ɗalibai aka yi shi, alhali sunan aro ne da wani masanin Ingila, William Gosset, ya sa wa aikinsa da ya fito a 1908. Abin da za a kiyaye a nan shi ne idan gwaji bai rushe zaton farko ba, irin zaton cewa kowane buhu kilo 100 ne, ba a cewa an tabbatar da shi, ana cewa ne shaidar da aka samu ba ta isa rushe shi ba, kamar yadda alƙali yake sallamar wanda ake tuhuma idan shaidu ba su wadatar ba.

Yanzu sai batun rubuta takardar kanta. Wata ƙanwata ta taɓa zuwa gidanmu bayan sallar isha'i da takardar gwajinta a hannu, idanunta sun kawo ruwa, ta ce: «Yaya, dubi nan, amsata daidai take da ta allo, amma rabin makin aka ba ni.» Na karɓa na duba a hasken fitilar waya, sai na ga ta rubuta lamba ɗaya tilo da jan layi biyu a ƙarƙashinta, babu dabarar da ta bi, babu ma'auni, babu jimlar da ta bayyana ma'anar lambar, duk aikin ya tsaya a wata takarda daban da ta fara lissafi a kai, ta yar a bakin ƙofa. Na ce mata: «Ƙanwata, malamin bai zalunce ki ba, abin da kika nuna masa shi ya biya ki.» Masu gyara suna aiki ne da barem, wato rabon maki a kan matakai, wani kaso ga rubuta dabarar da ta dace, wani ga sa lambobi a cikinta, wani ga amsa, wani ga fassara. Wannan tsari yana amfanar ɗalibi, domin wanda ya yi kuskuren tarawa a tsakiya amma ya nuna hanyarsa yakan tsira da mafi yawan makin, wanda kuwa ya rubuta amsa kaɗai, idan ta kauce, ya rasa komai. Saboda haka a rubuta dabara da haruffa, a sa lambobi, a ba da amsa da ma'auninta, ko kilo ko sefa, sannan a rufe da cikakkiyar jimla. Kada a gajarta lambobi a tsakiyar aiki, a bari sai ƙarshe. A kuma auna amsa da hankali: yiwuwa ba ta wuce 1, bariyans ba ta sauka ƙasa da sifili, matsakaici kuma ba ya fita daga tsakanin ƙaramar lamba da babbar.

Game da shiri, awa ɗaya sau uku a mako tun farkon zango ta fi kwana uku ba barci, domin kowane babi a kan na baya yake zaune. Rukunin karatu na mutum uku ko huɗu yana da amfani idan kowa yana tashi ya warware tambaya a gaban sauran. A nemi takardun jarrabawar shekarun baya a wurin ƴan gaba, a yi aƙalla ɗaya da agogo a gaba, kaye a rufe. Wanda ya san wuta takan ɗauke da dare a unguwarsu ya mayar da aikinsa bayan sallar asuba.

Idan sakamako ya fito ɗalibi yana ganin an yi kuskure a makinsa, akwai hanyar neman a sake dubawa, kuma tana da wa'adi, saboda haka a hanzarta. A je da ladabi, a ce: «Malam, don Allah ina roƙon a duba mini tambaya ta uku, ina ganin ba a tara makinta ba», a nuna wurin daidai. Kuskuren tarawa ko na kwafe maki yana faruwa kuma ana gyara shi, amma roƙon a ƙara rabin maki saboda tausayi ba ya cikin haƙƙin ɗalibi, kuma yana sa malami cikin matsi. Wanda ya faɗi da gaske sai ya fuskanci zama na biyu, wato ratrapaj, ya nemi ganin takardarsa ko gyaran jarrabawar, ya rarrabe kurakuransa: wanne ne na rashin gane tambaya, wanne ne na dabara, wanne ne na na'ura, wanne ne na ƙarewar lokaci. Da na yi wa takardata mai 7 wannan rarrabewa, na tarar mafi yawan makin a lissafin yiwuwa ya zube, inda na karanta tambayoyi cikin gaggawa, saboda haka makonnin da suka rage a kan wannan babi kaɗai na kashe su, ina juya kowace tambaya zuwa Hausa kafin in ɗora bik a kan takarda.